Koren Wilin Baba

Daren Laraba, farkon damina

Yau Kawu Sale ya goge koren fentin wilin motar Baba da samfefa, ya fesa fenti ruwan azurfa. Wai mai sayen motar ba ya son kore.

Ni na zaɓi koren nan a Babbar Kasuwa, satin da sojoji suka sauka daga mulki. Gwangwani biyu Baba ya saya. Na yayyaga tsohon littafina na firamare, muka rufe tayoyin da takardun.

Tun rasuwarsa nake son in ce kada a taɓa fentin nan. Kawu ya ce, "Hadiza, riƙe mani jaridar nan a kan tayar." Na riƙe.

Ya manta da tayar safaya a cikin but ɗin motar, wilinta har yanzu kore ne. Ban tuna mashi ba.