Katin Naman Kaza Lamba 47

Daga:
Ma'aikaciya mai koyon aiki,
Rukuni na Uku,
Sashen Ƙidayar Tsirrai.

Zuwa ga:
Mai Girma Daraktan Bincike,
Hukumar Kula da Gandun Daji.

Litinin, 15 ga Satumba.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: RUBUTA SUNAN WATA A KATIN NAMAN KAZAR DA NI NA FARA GANI

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina neman afuwar shiga lokacinka. Ban taɓa rubuta takarda irin wannan ba, wannan ma ita ce ta huɗu, ukun farko na yayyaga su. Ni ce wadda 'yan rukuni ke kira Tabarau. Ƙorafina ya shafi abokiyar aikina, wadda muka fara aiki rana ɗaya, kuma muke teburi ɗaya.

1. Ranar Talata, 2 ga Satumba, da ƙarfe goma da kwata na safe, ina ƙidaya a yanki na tara, na ga naman kaza guda ɗaya tak a gindin wani ruɓaɓɓen kututture. Hularsa shuɗiya ce, faɗinta bai kai farcen babban yatsa ba, ƙasanta rawaya. Na buɗe littafin jagora, na tarar shi ne lamba 47 a jerin waɗanda ba kasafai ake gani ba. Shekara goma sha ɗaya rabon da a rubuta shi a kundinmu.

2. Ban tsinke shi ba. Shafi na shida na littafin ya ce idan guda ɗaya aka gani, a bar shi ya zubar da ƙurar irinsa tukuna. Na zana shi, na auna shi, sannan na yi ta ɗaura jan zare a rassa tun daga kututturen har bakin hanya, don kada in ɓata. A motar komawa murna ta hana ni yin shiru, na nuna wa abokiyar aikina zanen, na faɗa mata har batun zaren. Na amsa wannan kuskurena ne.

3. Washegari, Laraba, aka tura ni ɗakin busarwa in jera samfura. Da azahar sai ga ta da shi a takarda, ta bi zarena ta tsinko. Al'adar sashenmu ita ce sunan wanda ya kawo samfur da hannunsa shi ake sawa a kati. Shugaban rukuni ya rubuta nata. Ranka ya daɗe, ashe wanda ya bi littafi ya rasa suna, wanda ya taka shi ya samu?

4. A taron Alhamis, 11 ga wata, shugaban rukuni ya sa aka tafa mata, ya kuma laƙaba mata suna Mai Ido. Tun daga ranar kowa haka yake kiranta, har direba. Ba hassada nake yi ba. Ban damu da cewa ita ke zama a gaban mota yanzu ba, ko cewa sabon gilashin ƙara girma da aka kawo ita aka ba wa, ni kuwa ina fama da mai tsaga a tsakiya. Ban kuma damu da yadda take ba da labarin tana dariya, tana cewa shuɗin ne ya kira ta daga nesa ba. Abin da bai kai farce ba, a ƙarƙashin ganye! Na ambaci waɗannan ne kawai don cikar bayani. Tana da fara'a, mutane na son ta, wannan baiwarta ce. Amma ni ce na durƙusa a laka.

5. Wannan shi ne mafi muhimmanci. Da yake zare ta bi ba taswira ba, ta rubuta yanki na takwas a katin. A dalilin haka an killace na takwas, inda babu komai. Na tara kuwa yana cikin jadawalin rage itatuwa da kwashe kututture na ranar Litinin, 22 ga wata. Ranar Juma'ar da ta wuce na koma wurin, na tarar wasu uku sun fito a kututturen nan.

6. Gaskiya ta tilasta mini in sanar da kai cewa a ranar na kwance zarena duka, suna cikin jakata. Na san bai kamata ba. Idan akwai horo a kan hakan, na karɓa.

Saboda haka ina roƙonka cikin ladabi da a dakatar da aikin yanki na tara, a kuma gyara katin lamba 47 ya ɗauki sunana. Na haɗo zanena mai ɗauke da kwanan wata.

Idan ana shakkar maganata, ga hanya mai sauƙi. A sa rana kafin 22 ga wata, a shiga gandun, ita a gaba, mu a baya. Idan ta kai ku kututturen, na janye ƙorafina, zan kuma ba ta haƙuri a gaban kowa. Idan ta tsaya tana waige-waige, ina roƙon a bar Tabarau ta wuce gaba.

Allah ya ƙara girma, ya ja zamaninka.

Taka mai biyayya,
(sa hannu)
Mai koyon aiki, Rukuni na Uku.