Daidai Idona

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar Inna? Ki ce mata ta daina tsallake maganin safe, labari yana iso ni.

Yaya, raina a ɓace yake. Saura kwana uku a buɗe baje kolin zanen 'yan ajin ƙarshe, kuma da shi za a ba mu maki. Zanena tara ne, duk na tafiyar da na yi zuwa wajenku a bas. Na zana komai yadda na gan shi daga kan keken guragun nan nawa: matakalar mota, aljihun kwandasta, hannayen da suka ɗaga ni kamar buhu ba ko sannu.

To, ɗakin nunin yana da ƙa'ida. Ana ɗaura igiya a bango daidai idon mutum a tsaye, a jera kowane zane a kanta. Jiya aka rataye nawa. Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage, ban ga komai ba sai ƙyallin gilashi. Aikin shekara guda, a ce ni kaɗai ce ba zan gani ba! Na roƙi shugaban sashe a sauke mini su, ya ce ƙa'ida ba ta san kowa ba, duk wanda ya taɓa igiya makinsa ya taɓa. Na yi kuka a bayan aji, ba zan ɓoye miki ba.

Dogo, ɗan ajinmu ɗin nan da kike tsokanata da shi, ya ce guduma tana hannunsa, ni yake jira in yanke shawara. Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Auta

Yayata ta kaina,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku baki ɗaya, ki nemi wuri ki zauna!

Na sauke su. Da safe, a gaban kowa, na ja layi da alli daidai idona, Dogo ya zare ƙusoshi ya mayar da su ƙasa. Shugaban sashe ya zo ya gani, ya rubuta wani abu a takardarsa. Na ce a raina shi ke nan, shekarata ta tafi.

Da aka buɗe ƙofa mutane suka yi ta wuce bangona kamar babu komai a jiki. Can sai ga mai ba da makin da aka gayyato daga wata makaranta, dattijuwa mai gilashi. Ta sunkuya, bayanta ya ƙi, ta ce a kawo mata kujera. Ta zauna kusa da ni, kafaɗa da kafaɗa. Ta daɗe a kan zanen hannayen nan, sannan ta ce ita ma an taɓa ɗaga ta haka a asibiti, sai yau ta tuna. Kafin rana ta take an kwaso bencuna daga aji, mutane suna layi don su zauna. Shugaban sashe bai samu wuri ba, da kwat ɗinsa sai da ya durƙusa, gwiwarsa ta yi ƙara kowa ya ji. Yaya, ni ce ta ɗaya a ajin, kuma da bakinsa ya karanta!

Saura wadda za ki yi mini dariya a kai. Dattijuwar ta tambaye ni me ya sa duk zanen babu fuskar kowa sai a na ƙarshe, na ranar da na dawo tasha. Bakina ya riga ni, na ce shekara huɗu mutum ɗaya ne ke tsugunawa kafin ya yi mini magana, fuskarsa kaɗai na sani. Ashe mai fuskar yana bayana da gudumarsa.

Da jama'a suka watse Dogo ya zagayo ya tsuguna a gabana. Da ƙyar ya tambaya ko Baba yana gida ranar Asabar. Na ce yana nan. Ina son shi, Yaya, na gaji da musu. Ki riga shi zuwa, ki shirya mini Inna.

Ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Auta