Baƙar Toka a Kan Alkamar Baba

Shibetsu, cikin watan Maris

Zuwa ga Gwaggo Fumie,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da girmamawa irin wadda ta dace da matsayinki, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da mai gidanki Kawu Masanobu. Ina yi muku addu'ar tsawon rai, da samun sauƙin gwiwar nan da aka ce tana damunki. Lemun da kika aiko daga Kagoshima sun iso lafiya, kuma Mama ba ta bar kowa ya taɓa ba sai da ta ajiye mafi kyawunsu a gaban hoton marigayi Kaka. Ƙanwata Natsuki ta samu gurbi a makarantar koyon jinya, gidan ya cika da murna. Na san a wajenku furanni sun fara buɗewa, mu kuwa har yanzu dusar ƙanƙara ta kai ƙugu a bayan rumbu.

Maƙasudin rubuto miki shi ne in kwantar miki da hankali dangane da labarin da ya riske ki ta waya, cewa ƙanenki, wato Baba, na shirin sallama gonar alkama ga maƙwabcinmu Kuwabara. Labarin yana da tushe, amma ya iso miki a gutsure, don haka na ga wajibi ne in warware miki shi filla-filla, kasancewar ni ne na tsaya a kan lamarin.

Kin fi ni sanin wannan lokaci na shekara. In ba a watsa baƙar toka a kan ƙanƙara ta jawo zafin rana ba, alkamar da aka shuka tun Satumba za ta daɗe a binne har ta ruɓe. Tsohon babur ɗin tafiya a kan ƙanƙara da muke jan akwatin toka da shi ya mutu bara, sai Baba ya sayo na hannu a wajen wani saurayi mai hawan tsaunuka da shi don nishaɗi. Bai shawarci kowa ba, alhali yana da ɗa mai digiri a fannin injinan noma zaune a gidansa yana cin shinkafarsa. Safiyar farko ya hau, ya matsa totur. Inji ya yi ta kururuwa, babur ko motsi. Can kuma sai ya zabura kamar an tsikari doki, akwati ya fizgu, toka ta zube tsibi guda, Baba ya bugu da baya. Kin san wannan bayan nasa ne aka yi wa aiki a asibiti kafin shigowar sanyi. Ni da Mama muka tallafo shi zuwa ɗaki, ya yi kwanaki ko zama ba ya iyawa.

Na ce ya bar mini aikin. Ya dube ni daga shimfiɗa ya ce wai Farfesa, sunan da yake kirana ke nan tun da na dawo daga jami'a, ka san inda kwatar ruwa take a ƙarƙashin ƙanƙarar nan, ko a takarda aka zana maka ita? Ya ce mahaifinku bai taɓa barin wani ya baƙanta masa gona ba, shi ma ranar da ya kasa watsa toka da hannunsa, ranar zai kira Kuwabara ya ce masa ga gona. Kin san halin ƙanenki, maganarsa ba ta komawa ciki. Mama kuma ta zare makullin babur ɗin ta jefa a aljihun rigar girkinta, ta ce gara a rasa gona da ta ƙare rayuwarta tana juya tsoho a kan tabarma. Suka daina magana sai ta bakina: gaya wa uwarka, gaya wa ubanka. Rana tana ƙara tsawo, gonakin maƙwabta duk sun yi baƙi, tamu kaɗai fara fat.

A nan ne na yi wa matsalar binciken ƙwaƙwaf, na kuma gano asalinta cikin ƙanƙanin lokaci. Kulocin irin wannan babur ba na ƙafa ba ne, da kansa yake kamawa. A cikinsa akwai wasu ƙarafa masu nauyi waɗanda juyawar inji ke buɗe su, su matse bel, sannan akwai sifirin da ke danne su har sai injin ya kai wani mizani. Saurayin nan, saboda son tashi da ƙarfi a kan gangare, ya sa sifirin mai tsananin tauri. Sakamakon haka kuloci ba ya kamawa sai inji ya haukace, in ya kama kuma sai ya cafke gaba ɗaya. Na yi wa Baba wannan bayani bisa ƙa'idojin kimiyya. Ya ce duk wannan dogon karatu ma'anarsa babur ɗin ba shi da tarbiyya, kamar wasu samarin da ya sani.

Mama ta ara mini makulli bisa sharaɗin ba zai kwana a hannuna ba. Na kwance kulocin, na goge fuskokinsa da samfefa saboda sun yi santsi, na sa sifirin mafi laushi da na samu a gari. Fizgar ta tafi, amma da na ɗaura akwati cike da toka sai inji ya yi nishi ya mutu. Baba yana kallo ta taga, ya aiko Natsuki ta tambaye ni ko jami'a ce ta koya mini mayar da ɗan maraƙi tsohuwar saniya. Na koma kan aikina, domin a tsarin bincike gwajin farko ma'auni ne kawai. Washegari na sa sifirin matsakaici, na daidaita bel ɗin yadda ba zai yi sako-sako ba kuma ba zai ja babur yana tsaye ba. Na matsa totur kaɗan, Gwaggo, sai na ji ya ɗauke ni a hankali kamar jirgin ruwa yana barin gaɓa.

Amma Mama ta ce bakin Farfesa ba shaida ba ne, gani ya kori ji. Matar da tun aurenta ba ta taɓa hawa babur ɗin ƙanƙara ba, ta ɗaure kallabi, ta sa takalman roba, ta hau bayana ta riƙe ni tamau. Ta ce in tsaya, in tashi, in sake tsayawa, in sake tashi, har muka kai bakin itatuwan iyaka muka dawo. Ta sauka ta zare makulli. Ta shiga ɗaki ta ajiye makulli kusa da kofin shayin Baba, ta ce masa ga abinka nan, tsoho, in ka karye kada ka kira sunana.

Da sassafe, tun saman ƙanƙara yana da tauri, ya sa ɗamarar da likita ya ba shi ya hau. Na tsaya ina kallon kafaɗunsa, don ya ƙanƙame jikinsa yana jiran fizga. Ba ta zo ba. Babur ya zame da shi, toka ta fara tashi a bayansa, na ga kafaɗun sun sauka. Kafin rana ta tausasa ƙanƙara ya gama gonar gabas, layi bayan layi, ya kauce wa kwatar nan da ni ban ga alamarta ba. Cikin makon ya kammala sauran. Jiya na tona gefen tudu, na tarar da alkama koriya shar.

Kuwabara ya zo da kwalbar giyar shinkafa da ake kira sake, wai ya zo duba mara lafiya, amma idonsa yana kan gona. Baba ya karɓi kwalbar ya gode, ya ce masa ya je ya huta, in lokacin sallama gonar ya yi zai aiko Farfesa da bayani mai tsawo. Ni dai har yau bai ce mini sannu ba. Sai dai shi da kansa ya ce in rubuto miki, in ce yayarsa ta daina kuka a waya, gonar ubanta tana hannun ɗan'uwanta.

Ki isar da gaisuwata ga Kawu Masanobu, da 'yarki Yaya Chizuru da mijinta, da jaririnsu wanda muke ɗokin gani. Mama da Natsuki suna gaishe ku, kuma buhun dankali yana hanya. In an yi girbi a watan Yuli, garin farko naki ne.

Ɗanki mai biyayya,
Rintaro