Tawadar Allah a Kuncin Hagu

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, ke da maigidanki.

Na je asibitin fata da kika haɗa ni da shi, sau uku ke nan. Likitar takan rufe min ido da baƙin tabarau, ta ɗora na'urar leza mai ƙone tabo a kuncina. Ji nake kamar ana harbina da roba, ga ƙauri kamar gashi ya ƙone. Ban yi kuka ba. Tawadar Allah ɗin nan ta dushe sosai, ta ce saura zuwa biyu ta ɓace.

Amma Yaya, Kaka ta daina cin abinci. Kin san tun da ruɗewar tsufa ta kama ta, daga hannuna kaɗai take karɓa, don tana zaton ni ce Umma. Ashe tabon take dubawa, irin na marigayiya sak. Jiya na kai mata kwano ta ce, "Baiwar Allah, ke 'yar gidan wa ce? Kira min 'yata."

Ko in dakata?

Ƙanwarki, Auta.

Auta sarkin tsoro,

Wa alaikumus salam. Dakatawa kuma? Wa ta bar makaranta daga aji ɗaya saboda ana ce mata mai gawayi a fuska? Wa take rufe kunci da mayafi ko Baba ne ya shigo? Shekara huɗu ba ki leƙa biki ba. Kaka rigimarta ce, yunwa za ta sauko da ita. Ki ƙarasa maganinki. Fuskarki taki ce, ba ta Umma ba.

Ki gaishe min da Baba.

Yayarki.

Yaya,

Ki yi haƙuri da shiruna. Na ƙarasa, babu ko alama. Har na je shago ni kaɗai, ba wanda ya kalle ni sau biyu.

Kaka kuwa kwana uku sai ruwa. Da safiyar yau na ɗauki jagirar da kika bari a aljihun madubi, na zana tabon a inda yake da. Ya fito a karkace. Tana ganina ta kama haɓata ta ce, "Ina kika shiga, kika bar ni da baƙuwa?" Ta cinye kwanon tas.

Ki aiko min da wata jagirar, wannan ta kusa ƙarewa.

Allah Ya bar zumunci.

Auta.