Ƙuri'ar Baba Guda Ɗaya

Zuwa ga yayana Kasmidi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Yaya aikin gonar kwakwar manja a Sabah? Allah ya tsare ku. Mu nan Blora sai godiya. Gwiwar Inna ta yi sauƙi, har ta koma kai tempe, wainar waken soyan nan tata, kasuwa. Shinkafar bana ta yi kyau, sai dai ɓeraye sun ɗebi rabonsu.

Yaya, Baba ya jefa ƙuri'a. Ka fi ni sanin nauyin wannan magana. Kana goye sojoji suka ɗauke shi saboda ya shiga ƙungiyar manoma, suka kai shi tsibiri, ya dawo da tambarin tsohon fursuna a katinsa na shaidar ɗan ƙasa. Tambarin nan ne ya hana shi zaɓe, shi ne kuma ya hana ka aikin koyarwa har ka bar ƙasar. Da tsohuwar gwamnati ta faɗi aka ce bana kowa yana da haƙƙi, Baba ya ce shi ba ya zuwa, domin wancan karon ma da rubuta suna aka fara kafin a kama su. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle. Inna ce ta dame shi da gori, wai tsohon da ya ci ganye da ɓera a tsibiri bai mutu ba, yanzu ƙusar huda takardar ƙuri'a ce take ba shi tsoro. Ranar zaɓe sai ga shi ya fito da rigarsa ta fita mai zanen batik, ya ce in raka shi.

Ya daɗe a bayan labule har na baya suka fara gyaran murya. Da yamma aka ƙirga a gaban jama'a, ana ɗaga kowace takarda ana kiran sunan jam'iyya. Wata ƙaramar jam'iyyar ma'aikata ta samu ƙuri'a ɗaya tak a ƙauyenmu. Da aka kira ta, mutane suka waiwayo suna kallon Baba.

Washegari na tarar ya ƙulle riguna biyu da maganin tarinsa a zane, yana zaune a baranda. Ya ƙi cin abinci. Ya ce idan an zo ɗaukarsa kada mu yi kuka a gabansu, kuma in kula da Inna. Da hantsi sai ga Pak Sumarno mai gari a kan babur. Ya zauna, ya sha shayi, sannan ya fara yi wa Baba tsiya, wai wace irin jam'iyya ce wannan da ko matar mutum ba ta bi shi ba. Daga nan ya ce ranar Asabar akwai taron rabon ruwan gonaki, ana son Baba ya zo a ji ta bakinsa. Tun dawowarsa daga tsibiri ba a taɓa kiransa taro ba.

Bayan tafiyar mai gari Baba ya ce mini, "Wartini, da ma ai ana zaɓe, sai dai kafin a buɗe akwati an san wanda ya ci. Mulkin jama'a shi ne naka ya faɗi, ka kuma kwana a gidanka."

Ba na cewa komai ya gyaru. Tambarin yana nan a katin, har yau ba mu san inda aka binne Kawu Parjo da aka kashe a lokacin kamen ba, kuma waɗanda suka nuna gidanmu a wancan lokacin suna nan a sahun farko a masallaci. Ruwan farko ba ya cika rijiya. Amma tarin Baba yana ƙaruwa, ya kuma sa ni in roƙe ka ka dawo gida. Yana son ya ga sunanka a cikin masu zaɓen garinmu tun yana da rai. Ya ce in gaya maka ba sai ka zaɓi abin da ya zaɓa ba.

Inna tana sa maka albarka. Gwaggo Tuminah da mijina Sarwono suna gaishe ka. Ka gaida mini matarka Yaya Ngatini, ka shafa mini kan Lestari da Wahyu.

Taka ƙanwa,
Wartini