Ƙafar da Maɗori Ya Bari a Ɗaure

Zuwa ga 'yata Bushira,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, na ba Andrawus direba takardar nan ne tunda har yau ba a maido mana da sabis ɗin waya a Birnin Gwari ba.

Innarki ta ce wai kwas ɗin da aka ba ki a jami'a ilimin motsin jikin ɗan'adam ne. Bushira, ni da na fara da tura baro a kasuwa har na mallaki injin casa biyu, ban tura ki Zariya koyon tsalle-tsalle ba. Motsi ma sai an koya? Ki canja, ko ki dawo gida.

Ƙafata na nan yadda kika bar ta. Wata huɗu ke nan da babur ya kayar da ni a hanyar Kusasu. Maɗorin da ya ɗaure ta ya gudu daga ƙauyen Gwaska ranar da 'yan bindiga suka shiga, ba wanda ya san inda yake, kuma kin san ba a kwance ɗorin da wani hannu ya ɗaura. Zaman nan ya ishe ni.

Mahaifinki, Alhaji Nababa.

*

Baba,

Wa'alaikumussalam. Ina gaishe ka, ya jiki? Allah Ya ƙara sauƙi.

Ba tsalle kawai muke koyo ba. Muna karanta yadda ƙashi da tsoka da gaɓoɓi suke aiki tare. Cikinmu wasu za su koyar, wasu su kula da 'yan wasa, wasu su taimaki majinyata su sake tafiya.

Baba, wata huɗu ya yi yawa. Malaminmu ya ce gaɓar da ta daɗe ba ta motsi sandarewa take yi, wani lokaci har abada. Don Allah ka je asibiti a ɗauki hoto. In ƙashin ya haɗe, a kwance, ka tambaye su ko za ka iya wannan: ka kwanta, ka riƙa jan diddige zuwa jikinka a hankali, sau goma bayan kowace salla.

In ka ce in dawo, zan dawo. Amma ka fara zuwa asibitin.

'Yarka, Bushira.

*

Bushira,

Sallama. Na je, ba don maganarki ba, don innarki ta hana ni sakat. Ƙashi ya haɗe tun tuni. Da aka kwance karan ɗorin, ban gane ƙafar ba: siririya kamar taɓarya, gwiwa ta ƙi lanƙwasuwa ko kaɗan. Likita ya ce in yi abin da kika rubuta.

Ina yi, ƙofa a rufe. Jiya innarki ta leƙo ta taga ta ce, "Alhaji, yau kai ne ɗan makaranta?" Na ce ta kama gabanta. Kwana tara, ban ga komai ba sai zafi. Gaya mini gaskiya, na makara ne? Kada ki ɓoye mini.

Ki gaida malamin naku.

Mahaifinki.

*

Bushira,

Sallama. Amsarki ba ta iso ba, an tare hanya sati biyu. Yau a sallar Azahar goshina ya taɓa ƙasa a sujada, karon farko tun faɗuwata. Na daɗe ban ɗago ba.

Ki zauna ki yi karatunki. Maƙwabcinmu Japheth, wanda aka harba a kafaɗa, yana tambaya me zai yi. Rubuto masa.

Allah Ya yi miki albarka.

Alhaji Nababa.