Shamuwar Ƙarshen Fim

Pantai Dalam, Kuala Lumpur
Disamba, 2020

Ya ke Hureira, sanyin idona, ruwan randata da tsakar rana, inuwar da nake rugawa in fake a ƙarƙashinta, Maman Hanan, aminci ya tabbata a gare ki. Ina gaishe ki gaisuwar mutumin da ƙishi ke neman kashewa alhali ruwan sama na zuba a kansa, don tun azahar ake sheƙa shi a garin nan, irin ruwan Disamban da kika sani, mai dukan tagar kicin kamar da gayya. Ina zaune a kujerarki. Na daina zama a tawa tuntuni.

Tun watan Maris kika tafi Kano jinyar mahaifiyarki Umma, Allah Ya jiƙanta, kika ce mana ba za ki daɗe ba, ko kayan kirki ba ki ɗauka ba. Kina sauka aka rufe ƙasa a bayanki. Yanzu ga izinin shigowarki ya fito bayan zirga-zirgar da ta kusa cinye mini takalmi, kuma kin san ƙarshen watan nan zai daina aiki. Masu kamuwa da korona ƙaruwa suke yi a nan, ba wanda zai iya rantse mini cewa za a sake ba mu wani. Sai ga saƙon muryarki, kin ce tsoro kike ji. Tsoron jirgi, tsoron a kulle ki ke kaɗai a ɗakin otel da sunan killacewa, tsoron ki mutu a ƙasar mutane, waɗansu masu fararen kaya har fuska su ɗauke ki ba hannun ɗan'uwa ko ɗaya a jikinki. Kin ce ƙanwar Umma, Iya, ta ce ki zauna sai abin ya lafa. Na saurari saƙon nan har Hanan ta haddace tarin da kika yi a tsakiyarsa. Ba ni da amsa irin ta likita, ba ni da irin ta malami. Labarin fim zan ba ki, ki yi haƙuri ki karanta.

Kin tuna Asabar ɗinmu ta Disamba? Ki sauke labule da rana tsaka, ki ƙure fanka, ki lulluɓe mu da bargo a garin da ko ɗan kamfai nauyi yake yi wa mutum, ki aike ni wurin mamak, mai shayin unguwarmu, in yo tapau, wato a ƙulla mini shayi a leda in taho da shi, sannan ki sa ɗaya daga cikin faya-fayan Kirsimetin da kika tsinto a wani lungu a titin Jalan Tuanku Abdul Rahman ranar da kika ce yadi za ki saya. Abokina Bello ya taɓa tarar da mu a haka, ya ce da salon maganar mutanen nan, “Malam Zahraddeen, ashe gidanka an shiga Kirsimeti lah, ba a gayyace mu ba.” Kika ce masa daga cikin bargo, “Mu dusar ƙanƙara muke kallo, Baban Hassan. Ko ita ma an hana?” Ya zauna ya sha shayin.

Amma abin da ya fi komai shi ne dokarki: ba a kunna sauti. Kin ce yarinya ta wuni tana jin Turanci da Malayanci a makaranta, ba za ta dawo gida talabijin ma ya ɗora mata ba. Sai ki kashe muryar, ke ki zama muryar kowa. Tsohon nan mai farin gemu da jar riga ya koma Alhaji mai rabon kayan sallah, yana magana da muryar ɗan kasuwar Kwari. Ɓeraye su yi ta gaisuwar “ina gajiya” a ƙarƙashin bishiya mai fitilu. Turawa cikin manyan kwat su yi ta cacar baki a kan wa ya cinye ƙanzo. Wace uwa ce ta taɓa koya wa ’yarta harshe da irin wannan ƙarya mai daɗi? Ni dariya nake yi har shayi ya sarƙe ni, ita kuwa Hanan ta buɗe baki tana haɗiye kowace kalma.

Kin san ra’ayina a kan fina-finan nan, kin sha jinsa har ya ishe ki. Ni tsofaffin nake so, marasa launi, waɗanda hotonsu ke ɗan rawa. Mutanen cikinsu na da nauyi. Namiji zai tsaya da hularsa a hannu ya yi shiru, shirun ya fi maganar wani. Har gobe ina nan a kan bakana cewa ba a yi kamar na mai tsaron tashar jirgin ƙasan nan ba, wanda ƙanƙara ta toshe hanya amma ya ƙi kashe fitilar dandamali saboda matarsa na cikin jirgin da ya maƙale. Katun kuwa na ce miki ƙarya ce tsagwaronta. A faɗo daga saman bene, a baje kamar waina, a miƙe a karkaɗe jiki a kama waƙa. Balle sababbin da ake yi da kwamfuta, idanu kamar faranti, kowa na ihu, launi ya cika ido kamar shagon kayan roba. Ke kuma ki ce mazan fina-finaina duk irina ne, sai an kusa tashi daga kallo kafin su faɗi abin da ke ransu, wata matar ma kafin nan ta tsufa. Kika ce tsofaffin katun, waɗanda aka zana da hannu, su ne masu gaskiya, don suna yanka baƙin ciki ƙanana-ƙanana daidai bakin yaro. Na ce wannan magana ce ta mai neman hujjar kallon katun da girmanta. Kika jefe ni da filo.

To, cikin kullen nan na sake kallon kusan dukansu, ni kaɗai, har waɗanda nake rainawa. Hureira, labarinsu ɗaya ne. An shirya tebur, an kunna kyandir, kujera ɗaya ba kowa, kowa na satar kallonta. Can sai a ƙwanƙwasa ƙofa, wani ya shigo yana karkaɗe ƙanƙara daga kafaɗa. Shi ke nan, tun daga marasa launin har masu idanu kamar faranti. Kuma na tsani nawa, waɗanda nake yabo. Na tsani mai tsaron tashar nan. Shi wa ya tambayi matarsa takardar izini? Wa ya zura mata tsinke a hanci? Wa ya ce mata ta jira abin ya lafa? Fitila kawai ya kunna, jirgi ya zo. Ni na kunna duk fitilun da ke gidan nan, amma mai ƙwanƙwasa mana ƙofa sai mai kawo abinci a babur, shi ma ajiyewa yake yi ya ja da baya.

Yanzu ga abin da na ɓoye miki a waya. Hausar Hanan ta tafi. A hankali ta zurare, ban ma lura ba, ni ina fama da rubutun digirina, ita tana gaban kwamfuta da malamarta. In na ce ta zo ta ci abinci, sai ta ce “tak nak, Abba,” wato ba ta so. In na yi mata faɗa, “okay.” In kin kira, ’yan kalmomin da kike ji ni nake raɗa mata daga bayan waya. Maƙwabciyarmu Barira, wadda ke taimaka mini da kitsonta, ta ce mini, “Abban Hanan, yarinyar nan fa ta cika shiru, ba haka na san ta ba.” Na ce girma ne. Na san ba girma ba ne.

Ranar Asabar da ta wuce ta ɗauko faifan shamuwa da kanta. Kin san shi, wanda kuka fi so, na ɗan tsuntsun da fiffikensa ya karye, garke ya tafi ya bar shi a kan rufin wata tsohuwa mai gasa burodi. Ke kika sa wa tsuntsayen suna shamuwa. Kika ce mata shamuwa ba ta taɓa tafiya ta ƙi dawowa ba, a Kano ma in aka gan ta an san damina ta ƙaraso. Duk inda aka nuno uwar a kan wani rufi mai nisa, sai ki ce zango ta yada a hanyarta ta komowa. A ƙarshe kuma, da ɗan ya hau rufi ya ɗaga kai, aka nuno ɗigon nan ɗaya a sararin samaniya, sai ki ce, “Ga ta nan tafe.” Hanan ta yi tsalle, bargo ya faɗi.

Ina da ganawa da malamina ta kwamfuta a lokacin. Na sa mata faifan, na ƙaro sauti don kada kaɗaici ya dame ta, na shige ɗaki. Wallahi ban san abin da Bature mai ba da labarin ke faɗa a fim ɗin ba, ban taɓa jin sa da wata murya ba sai taki. Da na fito na tarar da ita a tsaye gaban talabijin, ba ta kuka, ta dunƙule hannu. Na mayar da shi baya na saurara. Ashe a nasu labarin uwar ba ta je ko’ina ba tun farko. A kan rufin can take laɓe tana leƙen ɗanta, da ta ga ya saba da tsohuwa, ya yi ƙiba, ya sami gida, sai ta tashi ta bi garke. Ɗigon nan tafiyarta ce. Mai ba da labarin ya ce shi ne ganin ƙarshe da ya yi mata, aka saki kiɗa mai daɗi, aka rubuta barka da Kirsimeti.

Sai ’yarki ta ɗago ta dube ni, ta ce, “Abba, zuwa take yi ko tafiya?”

Da Hausa ta faɗa, Hureira. Tas, ba gargada, da irin karin muryarki. Rabon da in ji jimla guda ta Hausa a bakinta har na manta. Na yi ta addu’ar Allah Ya dawo mata da harshen nan, ga shi ya dawo da tambayar da ba ni da amsarta. Na zauna a ƙasa.

Ki yi mini dariya in kin so, amma da ta je gidan Barira na durƙusa gaban talabijin na yi ta mayar da wurin nan baya. Na ɗora ɗan yatsa a kan gilashi ina auna ɗigon, ko girma yake yi ko ƙanƙancewa. Ni da ake cewa na kusa zama dakta. Wanda ya zana shi, Allah Ya saka masa, bai sa ya ƙaru ba, bai sa ya ragu ba. Fiffike kawai yake kaɗawa a wuri ɗaya. Duk wanda ya yi magana a kansa, nasa ne gaskiya.

Ya ke hasken ɗakina, ya ke wadda muryarta ta fi mini ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, ba zan ce miki tsoronki shirme ba ne. Kin rufe idon Umma da hannunki, kin ga abin da ban gani ba. Ba kuma zan yi miki alkawarin rai ba, wannan a hannun Allah yake, a Kano ko a nan. Amma ni ma tsoro nake ji. Kwanan baya na tashi da tari da zazzaɓi, aka gwada ni ba a sami komai ba, alhamdulillahi, sai dai kafin sakamakon ya fito na zauna ina kallon Hanan tana cin biskit, ina tambayar kaina: in motar asibiti ta zo ta ɗauke ni, hannun wa zan miƙa ta? Wa zai gaya mata da Hausa cewa zan dawo?

Ga abin da nake iyawa. Duk otel ɗin da suka kai ki, kullum bayan la’asar za ki gan mu a tsallaken titi, ni da ita, da takunkuminmu da lemarmu, ko da ruwan zai kai gwiwa. Ki ɗaga labule kawai. In sun yarda a shigo miki da abinci, har unguwar Kampung Baru zan je in yo miki tapau ɗin shinkafar matar nan da kike so, in kuma gwada miyar kuka, ko da za ki ce ruwan wanki ce. Wayata ba za ta mutu ba. In shiru ya yi miki yawa a ɗakin, zan kunna miki katun, har masu ihun, ba zan yi gunaguni ba. Ki gaida Iya, ki ce mata na durƙusa har ƙasa, ta yi wa Allah ta sa miki albarka ta sake ki. In abin nan bai lafa ba sai baɗi fa? In sai baɗin baɗaɗa? Yarinya ba ta tsayawa jiran annoba, girma take yi kullum, kuma da wani harshe take yin sa.

Ban amsa wa Hanan ba. Na ce mata Bature bai san shamuwa ba, ni ma ban sani ba, Mama ce kaɗai ta sani. Na tsayar da faifan daidai kan ɗigon, na kashe sautin, ta hana a kashe talabijin ɗin. Yana nan haka tun ranar Asabar. Da safe kafin ta wanke baki sai ta je ta duba. Yanzu ma da nake rubutun nan, ga shi can yana kallona.

Ki zo ki faɗa mana, Hureira. Watan ya kusa ƙarewa.

Naki ne ni, in kin taso da in kin jinkirta, a duniyar nan da wadda ke gaba in Allah Ya yarda,

Zahraddeen, Abban Hanan